Data, Wi-Fi, Bluetooth ko tes: wace hanya ce ta fi rufa maka asiri a waya?

Wayar da ke aljihunka tana magana da duniya ta hanyoyi huɗu, kuma babu igiya a ko ɗaya: layin da ake kira da tes da shi, data da ke bin wannan layin, Wi-Fi, sai Bluetooth. Kullum muna zaɓe a tsakaninsu ba tare da mun tsaya mun auna ba. Data ta kusa ƙarewa, ga Wi-Fi na otal a buɗe, sai mutum ya hau. Abokin ciniki ya nemi lambar asusu, sai a tura ta duk inda yatsa ya fara taɓawa. Tun da hukumar NCC mai kula da sadarwa a Najeriya ta amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin kuɗin da ya kai kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, lissafin mutane da yawa ya koma na aljihu zalla: ina ne ya fi araha?

Tambayar tana kan hanya, amma ba ita kaɗai ba ce. Ga mai POS, ga matar da ke sayar da atamfa da turaren wuta ta WhatsApp, ga ɗalibin da ke cike fom da lambarsa ta NIN, ga ɗan jaridar da aka ba labari bisa amana, hanyar da saƙo ya bi tana iya kai mutum ga rufin asiri ko ga asara. Abin da ke damuna shi ne tsoronmu ba ya inda haɗarin yake. Muna fargabar wani gwanin kutse da ke kama magana a iska, alhali ɓarnar da muka fi jin labarinta ta ɗan ƙaramin sim ɗin da ke cikin waya take shigowa. Farashin da zan ambata na Najeriya ne, amma fasahar ɗaya ce ko a Maraɗi kake ko a Kumasi.

Abin da za a auna da shi

Na farko, wa zai iya jin maganar ko karanta saƙon kafin ya isa? Na biyu, ko da ba a karanta ba, me ake sani game da kai? Waɗannan biyun ba ɗaya ba ne, kuma duk wanda ya taɓa ba direba saƙo a tasha ya san bambancin. Idan takarda ce a buɗe, direba zai iya karantawa, yaron mota ma haka. Idan akwati ne da kwaɗo, ba wanda ya san abin da ke ciki, amma direba ya san kai ka kawo, ya san garin da za a kai, ya ga wanda ya zo karɓa, ya kuma lura cewa duk Laraba kake aikawa.

Na uku, idan wayar ko layin ya faɗa hannun wani, me zai samu? Sai kuɗi, sai sauƙin amfani, sai ɗorewa. Ɗorewar iri biyu ce: ko hanyar tana aiki a ƙauye, a ƙaramar waya, lokacin da babu wuta, da kuma ko tsaronta yana tsufa tare da na'urar.

Kira, tes da USSD

A wajen sauƙi da ɗorewa babu mai kamo su. Ƙaramar waya mai madanni da caji ɗaya ke kai ta kwanaki tana yin su duka, ba sai da data ba, kuma suna aiki a inda sabis bai fi sanda ɗaya ba. Tes naira 6 ne yanzu bayan ya daɗe a naira 4. USSD na banki, irin *737# ko *894# ko *901#, naira 6.98 ne kowane zama, kuma tun tsakiyar 2025 daga katin waya ake cirewa.

A wajen sirri kuwa su ne na ƙarshe. Kira da tes a kulle suke tsakanin wayarka da ƙarfen sabis kawai. Daga nan zuwa gaba a buɗe suke a cikin na'urorin kamfani. Kullen kansa, a tsarin 2G da GSM ya shigo mana da shi a 2001, tsoho ne: a 1987 aka ƙirƙiro shi, kuma a Disambar 2009 wani masani ɗan Jamus, Karsten Nohl, ya nuna a wani taro a Berlin cewa ana iya fasa shi ba da kayan aiki masu tsada ba. Akwai wata ɓaraka da ta fi wannan. A 2G ƙarfen sabis yana tantance waya, amma waya ba ta tantance ƙarfen sabis. Saboda haka ana iya ɗauko na'urar da ke shigar burtu a matsayin ƙarfen sabis, wayoyin da ke kusa su maƙale mata. An gyara wannan a 3G da 4G, sai dai wayar zamani ma tana komawa 2G idan sabis ya yi rauni, ko idan an tilasta mata.

Sannan ga tsohon tsarin da kamfanonin waya na duniya ke miƙa wa juna kira da tes ta cikinsa, wanda ake kira SS7. An gina shi tun shekarun 1970 bisa zaton cewa duk wanda ke ciki amintacce ne. A 2017 kamfanin O2 Telefonica na Jamus ya tabbatar cewa ɓarayi sun bi ta nan sun karkatar da lambobin da banki ke tura wa mutane ta tes, suka kwashe kuɗi daga asusunsu. A ƙarshen 2024 kuma, bayan masu kutse sun shiga manyan kamfanonin waya na Amurka kamar AT&T da Verizon, jami'an tsaron ƙasar da kansu suka shawarci jama'a su koma manhajojin da ke kulle saƙo.

Duk da haka, a faɗi gaskiya: ƙarfen sabis na bogi da SS7 makamai ne masu tsada, 'yan siyasa da 'yan jarida da manyan attajirai aka fi ɗana wa. Abin da ke jiran ni da kai ya fi wannan sauƙi. Mun ɗaure komai a lambar waya: asusun banki, BVN da aka fara a 2014, NIN da aka wajabta haɗawa da layi tun Disambar 2020, WhatsApp, Facebook, imel. Duk wanda ya riƙe layinka, a idon waɗannan wurare shi ne kai. Ɓarawon waya a kasuwa ko a adaidaita-sahu ba ya ɓata lokaci kan makullin allo. Cire sim zai yi ya sa a wata waya, alat da lambobin OTP, wato lambobin tabbatarwa da banki ke turowa ta tes, su fara zuwa masa. Wani kuma ba sai ya taɓa wayarka ba: da bayananka da ya tattara, ko da haɗin bakin wani gurɓataccen ma'aikaci, zai yi welkam bak ɗin layinka, wato ya sa kamfani ya ba shi sabon sim mai lambarka, kai kuma ka ga sabis ya ɗauke ka zaci matsalar netwok ce. Da wannan dabarar aka ƙwace shafin Jack Dorsey, wanda ke shugabantar Twitter a lokacin, a Agustan 2019. Na uku shi ne layin da ka yasar. Idan ya daɗe ba a amfani da shi, kamfani zai sake sayar da lambar, kuma in ba ka cire ta daga banki ba, sabon mai ita ne zai riƙa karɓar saƙonninka.

Maganin na farkon, wato satar sim, kyauta ne, kuma ba kowa ke yi ba: sa wa sim ɗin kansa lambar sirri, daban da ta allo. A saitin tsaro na waya take. Da zarar an cire shi an sa a wata waya sai ya nemi lambar, kuskure uku ya kulle. Ka tabbata ka san lambar PUK da ke jikin katin da sim ya zo da shi kafin ka fara, ita ce ke buɗe shi idan ya kulle, kuma kuskure goma a kanta yana kashe sim ɗin gaba ɗaya.

Data ta layinka

Ita ce ta fi cin kuɗi a wata, kuma ita ce nake ganin ta fi cancantar kuɗinta. A 4G waya da ƙarfen sabis suna tantance juna, kullen da ke tsakaninsu na zamani ne, kuma wanda ke zaune kusa da kai a mota ba ya cikin hanyarka kamar yadda yake a Wi-Fi. Ba ka da wani saiti da za ka yi kuskure a kai. 5G, da MTN ya fara a 2022, Airtel ya bi a 2023, an tsara ta ne ta ƙara ɓoye lambar shaidar sim, amma har yanzu manyan birane ne ke da ita.

Inda take da rauni shi ne ma'auni na biyu. Kamfani ba ya ganin abin da ka rubuta a manhajar banki ko a shafin da ke da kulle, amma ya san sunan wuraren da ka shiga, da lokaci, da yawan datar, ya kuma san unguwar da kake daga ƙarfen da wayarka ta kama, ko ka kashe GPS. Dokar laifukan intanet ta 2015 ta wajabta wa kamfanoni ajiye irin waɗannan bayanai na shekara biyu, akwai kuma ƙa'idojin NCC na 2019 da suka tsara yadda hukumomin tsaro za su nemi sauraren sadarwa. Ga ɗan kasuwa wannan ba abin hana barci ba ne. Ga wanda ke binciken masu iko, abin lura ne.

A wajen ɗorewa, data tana hannun wasu. Mutanen Zamfara da sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna sun ga haka a 2021 lokacin da aka rufe layukan sadarwa saboda yaƙi da 'yan bindiga. Daga Android 12 wasu wayoyi suna da maɓallin kashe 2G. Idan a birni kake, kashe shi ƙarin tsaro ne. Idan kana yawan zuwa ƙauyen da harafin E, alamar 2G, kawai ke fitowa a saman allo, bar shi, kada ka rasa sabis lokacin da kake buƙata.

MiFi da rawuta ta gida

Na'urori ne da ke raba intanet ta Wi-Fi. Sai ka sayi na'ura sau ɗaya, sannan gigabait ɗinta yakan fi na waya araha idan gida ko shago ne ke rabawa. Tana son wuta ko batir, kuma tsaronta ya dogara kacokan ga mai ita.

Kullen Wi-Fi ya bi matakai. WEP na farko an fasa shi tun 2001, duk na'urar da ke kansa har yau ta zama ta yarwa. WPA2 ya zo a 2004, WPA3 a 2018. A Oktoban 2017 Mathy Vanhoef na jami'ar Leuven a Beljiyam ya gano wata ɓaraka a WPA2, aka toshe ta da sabuntawa, wanda ke nufin na'urar da ba a taɓa sabunta ta ba tana nan da ita. Amma ba wannan ne ke kayar da yawancin gidaje ba. Abin da ke kayar da su shi ne kalmar sirri da ta zama lambar wayar maigida, ko sunan auta da shekarar haihuwarsa, da kuma shafin sarrafa na'urar da aka bari a kan "admin" da "admin" yadda ya fito daga kwali. Wanda ya shiga wannan shafin zai iya karkatar da duk gidan zuwa shafukan bogi. Akwai kuma WPS, wata hanyar haɗawa cikin sauri da lamba takwas, wadda aka nuna tun 2011 cewa gwaji kusan 11,000 ya isa a cinke ta. A kashe ta.

Wani abu da mutane ba su lura da shi ba: wayoyin yanzu suna nuna kalmar sirrin Wi-Fi a matsayin hoton QR. Ka ba yaron maƙwabta sau ɗaya, ka ba duk abokansa. A gidan haya da ake karo-karo a sayi data, wannan na nufin ba ka san su wa ke tare da kwamfutarka ko kyamarar shagonka a hanya ɗaya ba. Yawancin rawutoci suna da sashen baƙi na daban. A buɗe shi don maƙwabta da kwastomomi, a bar na ainihi ga mutanen gida.

Hotsifot daga wayarka kuwa MiFi ce ƙarama. Ka sa mata kalmar sirri mai tsawo, kada kuma ka raɗa mata cikakken sunanka, tun da duk wanda ke kusa yana ganinsa.

Wi-Fi na jama'a

Na otal, na filin jirgi, na makaranta, na gidan abinci. Kyauta ne, kuma a nan aka fi tsoratar da mutane, wani lokaci fiye da kima. A 2010 tsoron yana da tushe: a shekarar aka saki wata ƙaramar manhaja, Firesheep, da ke ba kowa damar shiga Facebook ɗin wanda ke Wi-Fi ɗaya da shi da dannawa ɗaya. Wannan ya tura manyan shafuka suka koma https, kuma yau kusan duk shafin kirki da manhajar banki suna kulle abin da ke tsakaninsu da wayarka. Wanda ke leƙe zai ga inda ka shiga, ba zai ga abin da ka rubuta ba.

Haɗarin da ya rage na yaudara ne. Kowa zai iya buɗe Wi-Fi ya sa masa sunan otal ɗin da kake. A 2024 'yan sandan Ostireliya sun gurfanar da wani mutum bisa zargin kafa Wi-Fi na bogi a cikin jiragen sama da filayen jirgi na Perth da Melbourne da Adelaide. Ma'aikatan jirgi ne suka fara lura. Shafin da ke buɗewa yana neman mutum ya shiga da imel ɗinsa ko shafinsa na sada zumunta, mutane kuma suna rubuta kalmar sirrinsu da hannunsu. Ka'idar a nan gajeriya ce: Wi-Fi na gaskiya zai iya tambayar lambar ɗaki, amma ba ruwansa da kalmar sirrin Gmail ko Facebook ɗinka. Idan kuma burauza ta yi maka gargaɗin cewa shafi ba shi da aminci, kada ka danna ci gaba, sauka daga Wi-Fi ɗin. Bayan ka gama, ka sa wayar ta manta da shi, domin in ba haka ba za ta riƙa maƙale wa duk mai irin sunansa.

Wasu za su ce ai suna da VPN, manhajar da ke kulle zirga-zirgarka ta intanet ta bi da ita ta na'urar wani kamfani. Da yawanmu mun san shi ne lokacin da aka rufe Twitter a Najeriya daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, kuma na kyauta aka fi saukewa. VPN ba ya kawar da mai leƙe, canja shi yake yi: maimakon mai otal, yanzu mai VPN ne ke ganin zirga-zirgarka. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Kamfanin Facebook ya taɓa mallakar wani VPN na kyauta mai suna Onavo da yake amfani da shi wajen sanin manhajojin da mutane ke buɗewa, har aka rufe shi a 2019. Idan ba za ka biya na kamfanin da aka sani ba, datarka ta fi shi.

Bluetooth da Xender

Kyauta ne, ba sa buƙatar sabis, kuma tazararsu gajeriya ce, kimanin mita goma ga Bluetooth, don haka mai cutarwa sai ya matso. A Satumbar 2017 aka bayyana wata ɓaraka da aka kira BlueBorne wadda ta shafi biliyoyin na'urori, ana iya shiga waya da ita muddin Bluetooth na kunne. An toshe ta, amma ga wayoyin da ke samun sabuntawa. Tsohuwar Android da kamfani ya daina kula da ita gara Bluetooth ɗinta ya zauna a kashe. Ka kuma tuna cewa haɗa waya da rediyon mota yakan kwafe lambobin mutanenka da jerin kiranka zuwa motar, abin lura ga mai aron mota ko mai sayar da ita.

Xender, da ke haɗa waya da waya ta Wi-Fi na wucin gadi, matsalarsa ba a hanya take ba, a kayan da ake turowa take. Hoto da karatu da bidiyo ba laifi. Manhaja ce abin gudu, musamman irin su GB WhatsApp da aka yi wa kwaskwarima, waɗanda ba wanda ya san abin da aka cusa a ciki. Haka nan miƙa waya a buɗe ga mai turi ko mai caji a tafi a dawo: minti biyu sun isa a haɗa WhatsApp ɗinka da wata na'ura.

WhatsApp, Telegram ko Signal

Hanyar da ka hau intanet rabin zaɓi ce. Sauran rabin shi ne manhajar da ta ɗauki maganar.

WhatsApp, tun Afrilun 2016, yana kulle saƙo da kira daga wayar mai aikawa zuwa wayar mai karɓa, har a zaure. Kamfanin waya ba ya ji, mai Wi-Fi ba ya ji, kamfanin Meta mai WhatsApp ma ba ya karantawa. Ta wannan fuskar kiran WhatsApp ya fi kiran layi sirri nesa ba kusa ba. Amma Meta ya san da wa kake magana, yaushe, da wace waya, kuma kan yadda yake sarrafa bayanan 'yan Najeriya ne hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu saye ta ci shi tarar dala miliyan 220 a Yulin 2024. Kwafin hirarrakin da ke tafiya Google Drive ko iCloud ba ya cikin wannan kullen sai ka kunna da kanka, damar da aka ƙara a 2021. Babbar masifarsa a wajenmu kuwa ita ce lamba shida, wadda WhatsApp ke turowa idan za a buɗe asusunka a wata waya. A kira ka da murya mai ladabi, a ce daga zauren tsofaffin ɗalibai ko na ƙungiya ne, za a yi taro ta intanet, an turo maka lambar shiga, ka karanto. Kana karantowa asusunka ya tafi, a fara roƙon 'yan'uwanka kuɗi da sunanka. Tabbatarwa mai mataki biyu, wato lambar sirri ta daban da kai ka zaɓa, tana rufe wannan ƙofar, kuma kunna ta ba ya kai minti ɗaya.

Telegram mutane da yawa na ɗaukarsa ya fi sirri, kuma ba haka ba ne. Hirarsa ta yau da kullum da duk zaurukansa suna ajiye a rumbun kamfani, kamfanin kuma yana riƙe da makulli. Kulle irin na WhatsApp sai a hirar sirri da mutum zai buɗe da gangan, tsakanin mutum biyu kawai. Bayan kama mai shi, Pavel Durov, a Faransa a Agustan 2024, kamfanin ya ce zai riƙa miƙa lambar waya da adireshin intanet na waɗanda ake zargi idan hukuma ta nema bisa doka. Ga darussa da manyan fayiloli da tashoshin labarai yana da kyau ƙwarai. Ga sirri, a'a.

Signal na wata gidauniya ce da ba ta neman riba, kuma fasahar kullensa WhatsApp ya ara. Bambancinsa a ma'auni na biyu yake: lokacin da wata kotu a Amurka ta nemi bayanan wani a 2016, abin da ya iya bayarwa shi ne ranar buɗe asusun da lokacin da aka hau na ƙarshe. Tun 2024 ana iya ba mutum suna maimakon lambar waya. Matsalarsa ita ce mutanenka ba sa can. Kuma ba ya maganin ganganci: a Maris 2025 manyan jami'an Amurka suka saka editan mujallar The Atlantic bisa kuskure a zauren Signal da suke tattauna kai hari Yaman. Ba kuma manhajar da za ta cece ka idan wayar kanta aka shiga, kamar yadda aka yi wa mutane kimanin 1,400 da manhajar leƙen asiri ta Pegasus a 2019.

| Hanya | Kuɗi | Sauƙi da ɗorewa | Wa ke iya ganin abin ciki | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Kira da tes | Kaɗan | Kowace waya, ko'ina | Kamfanin waya | Satar sim, welkam bak |
| USSD | Naira 6.98 | Ba sai da data ba | Kamfani da banki | Satar sim, mai leƙen allo |
| Data ta layinka | Mai yawa | Sai da sabis mai kyau | Sunan shafi kawai ake gani | An san inda kake |
| MiFi ko rawuta | Na'ura da data | Sai da wuta da saiti | Ya danganta da saitinka | Kalmar sirri mai rauni |
| Wi-Fi na jama'a | Kyauta | Inda yake kawai | Mai shi na ganin inda ka shiga | Na bogi mai suna iri ɗaya |
| Bluetooth, Xender | Kyauta | Kusa da kusa | Wanda ka haɗa da shi | Gurɓatacciyar manhaja |
| WhatsApp | Data | Kowa na da shi | Ku biyu | Lamba shida, kwafin ajiya |
| Telegram | Data | Mai sauƙi | Har da kamfani | Zaton sirrin da babu |
| Signal | Data | Mutane kaɗan | Ku biyu | Saka wanda bai dace ba |

Wa ya kamata ya ɗauki wanne

Idan ƙaramar waya gare ka, ko a ƙauye kake, ba ka da zaɓi da ya wuce kira da USSD, kuma ba laifi. Ka sa wa sim lambar sirri, ka kare allo da tafin hannu lokacin da kake danna lambar banki domin a fili take fitowa a wayoyi da yawa, ka goge tes ɗin da ke ɗauke da BVN ko lambar asusu. Ka tambayi bankinka lambar da ake dannawa daga wayar wani a rufe asusu idan an sace waya, ka rubuta ta a takarda a gida.

Mai POS da duk wanda kuɗi ke ratsa wayarsa kullum, data ta layinsa da manhajar banki, ba Wi-Fi na kowa ba. Idan da hali, layin banki ya zama daban da wanda aka rubuta a allon shago. Duk ranar da sabis ya ɗauke maka kai kaɗai alhali na kusa da kai suna da shi, kada ka jira gobe, ka kira banki da wata waya sannan ka nufi ofishin kamfanin layin. In sun yi maka wasa, lambar ƙorafi ta NCC ita ce 622.

Hajiya mai kasuwanci ta WhatsApp, ki zauna a inda kwastomominki suke, amma ki kunna tabbatarwa mai mataki biyu yau, ki riƙa duba jerin na'urorin da ke haɗe da asusunki, kuma duk wanda ya nemi ki karanto masa lamba, ko da muryar ƙawarki ce, ki katse ki kira ta da kanki.

Ɗalibi da matafiyi, ku hau Wi-Fi na kyauta don sauke littafi da bidiyo da sabunta waya, wanda ma shi ne ya fi cin data. Idan aka zo biyan kuɗin makaranta ko shiga banki, a sauka a kunna data, megabait kaɗan ne.

Gida mai mutane da yawa ko shago mai ma'aikata, rawuta ce ta fi riba, da sharaɗin wani ya zauna rabin sa'a ya canja kalmomin sirri biyun, ta Wi-Fi da ta shafin sarrafa na'urar, ya zaɓi WPA2 ko WPA3, ya kashe WPS, ya ware sashen baƙi.

Ɗan jarida, lauya, ɗan fafutuka, da duk wanda wani zai iya kashe kuɗi don jin maganarsa, Signal a kan data, da saƙonni masu goge kansu, da waya mai samun sabuntawa, 2G a kashe inda zai yiwu. Imel da shafukansa su koma karɓar lambar shiga daga manhaja irin Google Authenticator maimakon tes. Idan kuma ganawar da kanta ce ba a so a sani, to wayar ta zauna a gida, domin muddin tana kunne ƙarfen sabis na rubuta inda take.